Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a cikin watan Maris, tun kafin ya shiga Aliero hancinsa zai gaya masa inda ya iso. Ga albasa nan tuli-tuli a bakin hanya, masu ɗinkin buhu suna ta fama da basilla, manyan motoci sun yi jerin gwano suna jiran lodi. Waɗansu za su Legas, waɗansu Anaca, waɗansu kuma su tsallake iyaka zuwa Gana. Baƙo ya ga wannan, sai ya ce lalle babu matalauci a ƙasar nan.

To, ya dawo a watan Nuwamba. Zai tarar matar manomin nan da ya cika mota ta aiki yaro wurin mai tebur ya sayo mata albasa ƙwaya biyu, ta yanka ɗaya, ta ɓoye ɗaya don gobe. A kan teburin nan kuwa ga dunƙulen magi, ga taliyar leda, ga lemon roba, ga madarar gari an ƙulla ƙulli-ƙulli. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka yi a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, kuma babu ko ɗaya da mai shi ya taɓa karyar da kuɗinsa don an yi kaka.

Abin da ke cin ƙasar nan ke nan. Manomi yana sayar da nasa ran da ya fi araha, yana sayen na wani kullum da tsada. Mutane sukan ce ƙaddara ce, ko su ce sharrin dillalai ne, ko su ce gwamnati ce ba ta kula ba. Kowace magana a cikin ukun nan tana da 'yar gaskiyarta, amma ana fakewa da ita ne don a guje wa babbar gaskiya. Babbar gaskiyar kuwa ita ce, yawancin ƙofofin da arzikin ƙasar nan ke fita ta cikinsu masu gida ne suka buɗe su da hannunsu, su ne kuma za su iya rufe su.

Abin da Tarihin Jega Ya Koyar

Buhari ɗan Abdussalami, wanda ubansa shi ne malamin nan na Gimbana, shi ya kafa Jega wajen shekarar 1820, a bakin Gulbin Zamfara. Ba a daɗe ba garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato. Fatake suna tasowa daga Gwanja da goro, su ratso ƙasar Bargu, su haye Kwara, su sauke a Jega. Gishirin Foga yana zuwa daga yamma, tufafi daga Kano da Nufe, kanwa da dabbobi daga arewa. Mai masauki ya ci, dillali ya ci, ɗan dako ya ci, mai tuwo da mai fura suka ci.

Amma fa mai karatu ya lura da abu guda. Goron nan ba a Jega ya tsiro ba, gishirin nan ba a Jega aka dafa shi ba. Arzikin hanya ne, hanya kuwa tana da ƙafa. Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, cinikin Gwanja ya fara rikicewa, goro ya koma bin teku zuwa Legas. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929, bai ko leƙo Jega ba. Yarabawa suka dasa goro a ƙasarsu, gishirin kanti ya danne na Foga. Ayarin da ke cika zango ya ragu, har ya ƙare. Babu wanda ya yaƙi Jega, ciniki ne kawai ya sake hanya.

Yau al'amarin ya juya. Albasa da shinkafa da barkono da gero daga ƙasar nan suke fitowa, ba wanda zai ɗauke fadama ya kai ta wani gari. Ga titi kuma ya dawo wa Jega da matsayinta na mararraba, hanya ɗaya ta nufi Sakkwato ta Aliero, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta yi kudu ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri. Kakanni sun ci riba a kan kayan wasu saboda sun iya ciniki. Abin kunya ne a ce jikoki suna da kayan kansu, ribar kuwa tana hannun wasu.

Lissafin Albasa

Albasar rani ana yafa irinta a ƙarshen damina, a dasa da sanyin hunturu, a cire ta tsakanin Fabrairu da Afrilu. Kowa lokaci ɗaya yake dasawa, kowa lokaci ɗaya yake cirewa, saboda haka kasuwa takan cika har ta yi amai. Masu saye kaɗan, masu sayarwa dubbai, kowa kuma yana tsoron kayansa su ruɓe. Daga nan kaya sukan yi ta raguwa, kuɗi yana hawa, har zuwa Oktoba da Nuwamba, sa'ad da buhu kan ninka kuɗinsa sau biyu, ko sau uku, wata shekara ma fiye, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2020 bayan ambaliyar da ta ci gonaki a Jihar Kebbi. Wannan hawa da sauka kowace shekara ake yinsa, yaro ma ya san shi. Abin da ake sani tun kafin ya zo kuwa, ana iya yi masa shiri.

Ga misali don a gane, alkaluman na kwatance ne. A ƙaddara manoma biyu, kowa ya sami buhu 100, buhu kuwa yana naira 20,000 ranar cira. Na fari ya sayar da nasa duka, ya karɓi naira 2,000,000. Na biyu ya sayar da buhu 40, ya sami 800,000, ya biya bukatunsa na gaggawa, ya ajiye buhu 60 a rudu. Kafin kuɗi ya tashi sulusinsu ya ruɓe ko ya motse, saura 40. In kuɗin ya ninka sau uku, zai sayar a kan 2,400,000. A haɗa da na farko, 3,200,000 ke nan. A cire 200,000 na gyaran rudu da ladan masu tsince ruɓaɓɓu, saura 3,000,000. Ya fi maƙwabcinsa da miliyan guda, alhali gona ɗaya, wahala ɗaya. In kuɗin sau biyu kaɗai ya ninka, zai tashi da 2,200,000, har yanzu yana gaba.

Amma in ya yi sakaci rabin ajiyar ya ruɓe, kuɗin kuma sau biyu ya ninka, to, 1,800,000 zai tashi da su, ya faɗi ke nan. Watau ribar ajiya tana rataye ne a kan kyawun ajiya. Albasar da aka ɗirka wa takin yuriya don ta yi girman kai ruwa ne cikinta, ba ta jure ajiya. Wadda aka shayar har ranar cira ita ma haka. Mai son ajiya yakan yanke ruwa kamar mako biyu kafin cira, ya jira lawashi ya kwanta da kansa, ya bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe, ya ware mai rauni da mai kaurin wuya ya sayar da su nan take. Sa'an nan ya shimfiɗa sauran a rudu mai tsayi daga ƙasa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama, jinka ba ta yoyo, ba a kuma tula ta da zurfi. Duk wannan dattawan Aliero sun san shi. Gaggawar kuɗi ce ta sa ake take sani.

Mai shakka ya dubi ƙasar Holan. Ƙasa ce 'yar ƙarama mai sanyi, amma albasarta tana hawa jirgin ruwa ta yi makonni a teku, ta sauka Dakar da Abijan lafiya lau, a sayar da ita ga mutanen da suka fi Holan rana da fili. Ƙasarsu ba ta fi fadamar Gulbin Zamfara albarka ba. Busarwa da tacewa da ajiya suka iya.

Bango Ya Tsage

Me ke hana manomi ajiya, tun da ya san amfaninta? Amsa ita ce bashi. Noman rani yau kuɗi yake ci. A zamanin jigo ƙarfin mutum ne jarinsa. Tun da injin ban-ruwa ya yaɗu, musamman bayan shirin Fadama na shekarun 1990, garka ta faɗaɗa, amma ta koma shan fetur. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000. Ga taki, ga maganin feshi, ga ladan masu dashe. Manomin da ya cinye kuɗin bara sai ya tafi wurin mai sayen albasa ya karɓi na bana, bisa sharaɗin ba zai sayar wa kowa ba sai shi, ran da aka cire, a kan kuɗin ran nan. Wanda ya yi haka ya sayar da albasarsa tun tana iri. Ranar cira ba ciniki ya je yi ba, kai kaya ya je yi.

Bayan bashi sai awo. Albasa da buhu ake sayenta, ba da sikeli ba. Buhu kuwa ba shi da iyaka: a cika shi, a girgiza, a tula masa tozo, a ɗora hula a ɗinke. In hular nan ta ci kashi ɗaya cikin biyar na buhu, to, a kowane buhu 5 manomi ya ba da 1 kyauta. Can kudu kuwa za a farke hular, a kasa kayan kwando-kwando, ƙwaya-ƙwaya, babu abin da za a ba wani kyauta. A garin Lasalgawon na ƙasar Indiya, inda babbar kasuwar albasarsu take, gwanjo ake yi a fili, kowa yana jin tayin kowa, a kuma auna da sikeli. Sikeli ba ya sanin babba, ba ya sanin yaro, ba ya jin kunyar suruki.

Yanzu a zo ga dillali, wanda kowa ke zagi. Gaskiya ne akwai mai cin la'ada biyu, akwai mai ɓoye tayi ya sa hannu cikin riga. Amma dillali na gari yana da aikinsa: shi ya san baƙo, shi ke tsaya masa, shi ke bin kuɗi in an yi jinkiri. Falken da ya ɗauki kaya zuwa Legas kuma yana ɗauke da kasadar hanya, da ruɓa, da shingayen karɓar kuɗi marasa iyaka. A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan, 'yan arewa da yawa suka yi hasarar rai da dukiya. In an kori dillali da falke yau, gobe albasa za ta ruɓe a bakin hanya. Ƙarfin da suka yi wa manomi daga rauninsa ya fito: yana da bashi, ba shi da rudu, bai san kuɗin da ake sayarwa a can ba, kuma shi kaɗai yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai hankali bango yake gyarawa.

Shekarar 2021 ɗin nan ta koyar da wani darasi. Bayan rikicin Shasha ƙungiyoyin fataken abinci suka tsai da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, a watan Yuni kuma masu albasa suka sake yin haka. Nan da nan kuɗin kayan miya ya yi tashin gwauron zabo a kudu, duniya ta san daga inda miya ke fitowa. Amma a arewa kaya suka taru suka karye, manomi ya fi kowa jin jiki. Wanda ba shi da wurin ajiya ba ya iya yin fushi da kasuwa. Kasuwa a kai miki dole.

Jiran Gwamnati

Masu cewa sai gwamnati ta yi, su tuna da labarin shinkafa. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin ba manoma rance ta hannun Babban Bankin Nijeriya. A Disamban 2016 aka fara sayar da shinkafar Kebbi a Legas da sunan Lake Rice, bisa yarjejeniyar jihohin biyu. A 2017 aka buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar waje ta yi wuya, ta gida ta yi daraja. Fadamun Jega da Maiyama suka cika da masu dashe, mutane da yawa suka ga kuɗin da ba su taɓa gani ba.

Sa'an nan kiɗa ya sake. Aka buɗe iyaka a Disamban 2020. Rancen nan da yawa ba a biya ba, waɗansu ma sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa, shirin ya mutu. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci na wani lokaci don ta sauƙaƙa wa mutanen birni, a 2025 kuɗin shanshera ya faɗi, taki kuwa bai sauko tare da shi ba. Gwamnati tana da baki biyu da za ta ciyar, na manomi mai son tsada da na ɗan birni mai son araha, ɗan birni kuwa ya fi kusa da kunnenta. Wanda ya gina gidansa a kan dokar bana, dokar baɗi ta rushe shi.

Wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba. Hanya, da tsaro, da daidaita awo, da hana karɓar kuɗi a shingaye, duk aikinta ne, wajibi ne a neme su da babbar murya. Ƙasar Sanigal tun 2003 take tsai da shigo da albasar waje a lokacin da manomanta ke cirar tasu, abin koyi ne. Akwai kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, a tsakiyar gonakin albasa. Haƙƙin manoma ne su je ƙofarta su tambayi irin da ya fi jure ajiya da fasalin rudun da ya fi rage ruɓa, haƙƙinta ne kuma ta amsa da Hausar da za su ji. Amma mai nema da ƙungiya da takarda a hannu shi ake saurara. Mai zaman jira a gindin bishiya sai ranar zaɓe ake tunawa da shi.

Ƙofar da Kuɗin Ke Fita

A ce ma manomi ya sayar da kyau. Ina kuɗin ke zuwa? A nan ne al'ada ke shigowa, domin kasuwar abinci ba yunwa kaɗai ke tafiyar da ita ba, har da kunya da gasa da son a ce. Mutanen ƙasar nan Musulmi ne, giya ba ta da kasuwa a cikinsu, balle bayan da Jihar Kebbi ta kafa shari'a a 2000. Saboda haka kasuwar abin sha gaba ɗaya ta fura da nono ce, da kunun zaƙi, da kunun tsamiya, da zoɓo, da farau-farau. Yawancinsu daga gero da dawa da garken Fulani da bishiyar bayan gari suke. Kuɗin da aka kashe a kansu yakan shiga hannun matan aure a cikin gida da matan Fulani masu tallar nono, ya zaga gari sau da yawa kafin ya fita.

Yau a yi baƙo, in aka kawo masa fura sai mai gida ya ji kamar ya gaza, sai an aika a sayo lemon roba. Da azumi, sa'ad da cinikin abin sha ya fi kowane lokaci, kuɗin da za a yi kunun gidan duka da shi yakan tafi a kan roba biyu da ƙanƙara. Yawancin lemon nan mai rabin lita yana ɗauke da sukari kimanin cokalin shayi 10 ko fiye, ba ya ƙosarwa, ba ya riƙe ciki. Manomin da ya sha fura da hantsi yakan kai azahar yana aiki. Gwamnatin tarayya da kanta ta sa wa irin wannan abin sha harajin naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, saboda ciwon sukari da ke yaɗuwa.

Haka miya. Daddawar kalwa da ta batso, da gabu da ake yi da lawashin albasar nan da ake zubarwa a garka, su ne ɗanɗanon miyar ƙasar nan, sana'ar tsofaffi mata ce kuma. Dunƙule ya ture su, alhali kusan rabinsa gishiri ne, a ƙasar da hawan jini ke kayar da magidanta. Da daddawa ta rasa masu saye, ɗorawa ta rasa mai tsaronta, gatari ya hau ta. Taliya da burodi kuwa da alkama ake yinsu, alkamar da Nijeriya ke ci kuma kusan dukanta daga waje ake sayo ta da dala. Duk ran da naira ta faɗi, karin kumallon yaron Maiyama ya yi tsada, ga gero cike da rumbun ubansa.

Babbar ƙofa kuwa ita ce biki. Ana cire albasa, sai aure ya tashi ko'ina. Gara a dā alkaki ce da nakiya da dubulan, da man shanu da hatsi, abin da gida ya iya yi. Yau katan-katan ne na taliya, da jarkokin mai, da buhunan sukari, a jera a tsakar gida mata su ƙirga, a kai labari. Uban da ya kasa kai adadin na maƙwabci ya ji kunya. Don gudun wannan kunya ta yini ɗaya ake sayar da buhu 100 ranar da kasuwa ta fi karyewa, a koma cin bashi a watan dashe. Da'irar ke nan: biki ya ci ajiya, rashin ajiya ya haifi bashi, bashi ya sayar da albasa da araha. Ba dillali ne ya yanka adadin katan ɗin gara ba.

Amsa ga Masu Musu

Wani zai ce wannan ƙin zamani ne, ana so a mai da mutane baya. Ko kusa. Gishirin kanti mai sinadarin aidin ya rage maƙoƙo a ƙasar nan, ya fi na dā. Injin niƙa ya hutar da mata daka. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana ya fi jigo, ya kuma fi mai shan fetur ga wanda ya iya tara kuɗinsa. Abin da ake ƙi shi ne a karɓi zamani ta wajen ci, a ƙi shi ta wajen yi.

Wani zai ce lemon roba ya fi tsabta, taliya ta fi saurin dahuwa. Wannan magana tana da ƙarfi, kada a raina ta. Furar da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba, ƙuda na bin ƙwarya, tana kawo zawo da taifot, mai gudunta bai yi laifi ba. Macen da ta wuni tana aiki kuma ba za a zarge ta don ta nemi abin da zai dahu nan da nan ba. Amma maganin ƙazanta tsabta ce: ruwa mai kyau, da mazubi mai murfi, da wanke hannu. A Kano da Kaduna da Abuja ana dama fura da inji, a sa a roba mai murfi, a sanyaya, ma'aikata suna layi suna saye da tsada. Ana niƙa daddawa a sa a gwangwani, ana busar da albasa a mai da ita gari. Abin da ɗan Jega ke jin kunyar ba baƙo, shi wani ya wanke ya sa wa takarda yana cin riba.

Wani kuma zai ce arziki na Allah ne. Haka ne, babu musu. Amma wanda ya faɗi haka bai taɓa barin garkarsa ba ban-ruwa don dogara ba. In tawakkali bai hana shi shayar da albasa ba, don me zai hana shi gina mata rudu?

Aikin Wanda Ya Iya Karatu

Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci yana riƙe da makamin da ake bukata. Na farko, ya sayi littafi, ya rubuta duk abin da ya kashe a garka tun daga iri har ɗinkin buhu, ya raba da yawan buhunan da ya samu. Sa'an nan ne zai san kuɗin da in ya sayar ƙasa da shi ya faɗi. Manoma da yawa suna murna da cinikin da hasara ne, don ba su taɓa yin wannan lissafi ba.

Na biyu, kada a karɓi bashi sai an rubuta, da shaidu: nawa aka karɓa, nawa za a biya, yaushe, kuma a biya da kuɗi, kaya su zama na mai su. Na uku, manoman unguwa ɗaya, ko 10 ko 20, su kafa jam'iyyar tsimi da tanadi. Kowa ya zuba buhu biyu ko uku ranar cira, a ajiye, a sayar da tsada, kuɗin ya zama jarin dashe na baɗi. Mata sun daɗe suna yin adashi, ba sabon abu ba ne. Jam'iyyar ta sayi sikeli, ta sami mutum ɗaya mai buga waya Legas da Anaca kowace safiya ya rubuta kuɗin ranar a allo inda kowa zai gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, jinkar rudu ma haka.

Na huɗu, a kula da suna. Mutanen Galmi a Jamhuriyar Nijar sun riƙe irinsu har sunan garinsu ya zama sunan albasa a kasuwannin Afirka ta Yamma, mai saye yana nemanta da suna. Albasar Aliero ba ta rasa suna ba. Amma suna yana tsayawa ne in mai saye ya buɗe buhu ya tarar ƙasansa daidai da samansa. Manomin da ke cusa ruɓaɓɓu a tsakiya ya ba mai hula hujja, ya kuma cuci garinsu duka.

Na biyar ya fi wuya, domin ba a sayensa da kuɗi. Masu unguwanni da limamai da iyaye mata su zauna su yanka wa gara iyaka, manya kuma su fara da 'ya'yansu, don in mai hali ya rage, talaka ya sami mafaka. Mai gida ya tari baƙonsa da fura mai tsabta a kwano mai kyau, kansa a ɗage.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son ya sayar da albasa a Nuwamba, tun a watan dashe zai ƙi bashin da zai ɗaure shi, ya rage yuriya, ya tanadi kara da itacen rudu. In ya bari sai motoci sun yi layi a bakin hanya, to, bana ma ta wuce, shi ya sha bugu, wani ya karɓi kuɗi.